Baƙin Wandon Pesamino

A kakar wasannin bara Hankakin Karrawong, ƙungiyar zari-ruga ta wata unguwa a birnin Sidni, na goma sha ɗaya suka zo cikin ƙungiyoyi goma sha huɗu, kuma duk wanda ya ce maka yana tuna yadda aka tashi a wasa na bakwai ko na sha biyu, ƙarya yake shirga maka. Sun ci wasu, wasu sun ci su, Koci Dunleavy ya fasa kofunan shayi uku a bangon ɗakin sauya kaya, shi ke nan. Abin da ya rage a bakin mutanen unguwa shi ne Litinin ɗin ƙarshe, da abin da ya sami Pesamino.

Dokar tsohuwa ce, ta girmi duk wanda ke buga zari-ruga a ƙungiyar. Ɗan wasan da kaka ta ƙare bai taɓa kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya danna ta a ƙasa ba, ko sau ɗaya, ranar Litinin bayan wasan ƙarshe zai zagaye fili da gudu, daga shi sai takalmi. Ana rufe ƙofa, a tattara wayoyi a bokiti, amma gudu kam sai an yi. Akwai farin allo kusa da ƙofar wurin wanka, inda ake rubuta sunan kowa a farkon kaka. Wanda ya ci, a goge sunansa ana tafi. Sunaye talatin aka fara da su a watan Maris. Saura wasa uku a gama, suna ɗaya ne tal ya rage, wani shaƙiyyi ma har ya zana masa furanni a gefe.

Pesamino ɗan gaba ne, irin waɗanda aikinsu su rungumi ƙwallo su kai wa katangar mutane karo, su tashi su sake. Kilo ɗari da ashirin da biyu, shekara talatin da uku, ga wuya kamar turmi. Ba a ɗauko irinsu don ci ba. Amma shekara goma sha ɗaya yana ƙungiyar, kowace shekara sai ya lallaɓa ya samu guda ɗaya, ko da kuwa faɗawa ya yi kan ƙwallon da wani ya yar. Ba wanda ya taɓa lura da irin ajiyar zuciyar da yake yi in an goge sunansa.

Ga abin da ke ƙasa. Yana ɗan shekara ashirin da ɗaya ya koma ƙauyensu a tsibirin Savai'i na ƙasar Samoa don a yi masa pe'a, jarfar mazan Samoa, wadda ke tasowa daga tsakiyar baya ta sauka har gwiwa. Ya kwanta a tabarma, mutum biyu na jan fata, mai jarfa na dukan haƙoran ƙarfensa da ɗan sanda, ƙwas, ƙwas, ƙwas, mata na waƙa a waje don kada a ji nishi. Kwana huɗu ya yi, aka gama baya da ƙugu. Da safiyar kwana na biyar, da ya ji za a sauka cinya, sai ya ji ƙahon jirgin ruwa daga bakin gaɓa. Ya ce zai zaga. Zagawar da bai dawo ba ke nan, sai dai aka ji shi a Sidni.

A wurin mutanensu ba abin kunyar da ya kai guntuwar pe'a. Gara a ce ba ka taɓa kwanciya ba. Dangi suka ja bakinsu suka yi gum, don kunyar tasu ce duka, shi kuma bai sake taka ƙauyen ba. Mahaifiyarsa sai dai a waya.

To, amma Allah ya yi shi da sa'a irin ta marasa gaskiya. In aka ja rigarsa a fili, bayan nan ne ke bayyana, baƙi wuluk da zane mai kyau, kowa ya gani. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa, wani baƙin matsattsen wando yake sawa a ƙarƙashin gajeren wandon wasa, har ƙasan gwiwa, rani da damina. Wanka sai kowa ya fita. Turawan ƙungiyar suka ce ai dattijon coci ne, kunya gare shi. Samarin Samoa su biyar suka ɗauka cikakkiya ce, suka riƙa ba shi girman da ake ba wanda ya jure. Shi ake fara zuba wa abinci. In ya shigo a sauke ƙafa daga kan benci. Shi kuma gogan naka ya karɓa, har yakan yi musu nasiha a kan haƙuri.

Wanda ya fi kowa ganin girmansa shi ne Talalelei, kuma shi ne ya fi kowa ba shi wahala. Tala ke sa lamba tara, shi ke tsugunawa ya ɗauki ƙwallo duk sanda aka kayar da mutum, ya miƙa wa wanda ya ga dama. Ɗan firit ne, haihuwar Sidni, bakinsa ba ya mutuwa. Tun tsakiyar kaka Pesamino ya lura cewa da zarar an kusanci layi, Tala sai ya kalle shi, ya yi masa murmushi, ya jefa wa wani.

Saboda haka ranar wata Laraba ya gayyace shi gida. Sieni, matar Pesamino, ta dafa gwaza da madarar kwakwa, da haƙarƙarin rago, da ɗanyen kifi da lemon tsami. Tala ya ci har sai da ya kwance igiyar wando.

"Uso," in ji Pesamino, wato ɗan'uwa, yana tura masa wani kwanon, "kai da ni ai jini ɗaya ne. In mun zo bakin layi ranar Asabar, ka tuna da yayanka."

"Kullum ina tuna ka, Yaya. Ko a barci."

"To me ya sa ba ka miƙo mini?"

Tala ya lashe yatsa. "Yaya, tsakani da Allah, shekara nawa muna tare? Ba wanda ya taɓa ganin pe'arka gaba ɗaya. Babana ya ce wanda ya yi maka bayan nan gwani ne, irinsu sun ƙare. Na gaya wa yara duk Sidni babu irin taka. Ka bar mu mu gani mana, sau ɗaya! Abin alfahari kake ta ƙunshewa kamar kayan sata."

Sieni ta sarƙe da ruwa a kicin. Ita kaɗai ta san komai a ƙasar nan, kuma ita ke wanke baƙin wandon nan, guda shida, shekara goma sha ɗaya.

"Ba don nuni aka yi ta ba," in ji Pesamino da muryar coci.

"Shi ya sa muke taimaka maka," in ji Tala. "Anti, akwai sauran kifin nan?"

Washegari ya tari Koci Dunleavy a wurin ajiye motoci, ya ce ko za a gwada shi a gefe, wurin masu gudu, na minti goma kawai. Koci ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Pesa, firij ɗina ya fi ka gudu, kuma ba shi da taya." Ya koma wurin kyaftin, wani jan Bature mai suna Kerslake, yana ɗingishi, ya ce gwiwa ta motsa, da wuya ya iya gudu ranar Litinin ɗin. Kerslake ya nuna masa hoton da ke rataye a bango: wani tsohon ɗan wasa yana zagaye fili da sandunan guragu, an rufe tsakiyar hoton da hatimin ƙungiya. Nan take gwiwa ta warke.

Wasa biyu suka wuce, ba labari. A na farko ya kai taku ɗaya daga layi, mutum huɗu suka ɗauke shi cak suka mayar da shi baya kamar buhu. A na biyu Tala ya yi kamar zai ba shi, har ya buɗe hannu, sai ya ga yaron ya sulale ta ƙarƙashin hammatarsa ya ci da kansa. Ya taso yana cewa, "Yi haƙuri, Yaya, hannuna ne ya zame."

Wasan ƙarshe a gida aka yi, ranar Asabar da la'asar, da ƙungiyar da ita ma ba inda za ta. Filin Karrawong kuwa haya ake ba 'yan ƙwallon ƙafa ranar Juma'a, layukansu na nan raɗau a kan ciyawa, kowa ya saba. Saura minti huɗu, ana kunnen doki. Pesamino ya riga ya yanke ƙauna da Tala, don haka da ya ga an jefa wa Kerslake ƙwallo, sai ya shiga tsakani ya cafke abin ɗan'uwansa. Abokan hamayya ba su taɓa ganin mutum ya yi wa nasa fashi ba, suka tsaya kallon ikon Allah, sai ga rami a gabansa, ya faɗa.

Jama'a, Pesamino ya yi gudu. Mita arba'in! 'Yan kallo suka miƙe tsaye, masu sayar da nama da burodi suka bar wuta. Ƙasa na girgiza, kumatu na rawa, idonsa ya rufe da gumi, ba abin da yake gani sai fari a gabansa. Ya yi tsalle ya daka ƙwallo a kan farin layi, ya miƙe a kan gwiwa, ya ɗaga hannu biyu sama yana gode wa Ubangiji da ƙarfi.

Layin 'yan ƙwallon ƙafa ne. Na gaskiyar yana can gaba, taku goma sha biyu.

Ƙwallo na nan zaune a ciyawa ba mai ita. Tala ya iso a guje, ya sunkuya ya ɗauka, har ya dafa kafaɗar mai addu'a ya ce, "Amin, Yaya," ya ƙarasa ya ci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hankaki suka yi nasara, fili ya kaure da dariya, har alƙalin wasa sai da ya juya baya yana share ido.

Ranar Lahadi a coci Pesamino bai ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a gaban wani ƙato ba. Ba tsiraicin ne ya dame shi ba. Fuskokin samarin nan biyar yake gani, da yadda labari zai bi coci-coci ya haye teku ya isa kunnen tsohuwarsa, a sake tayar mata da abin da ta binne.

Da suka dawo gida ya ce, "Sieni, ke fa kin iya zane."

"Na zanen riguna, eh."

"Daga nesa za su gani. Gudu zan yi. Minti biyu ne."

Ta ajiye jakarta, ta daɗe tana kallonsa. "Pesamino, ka gudu daga ta gaskiya, yanzu kuma ta ƙarya kake so? In kakanka ya ji ai sai ya juya a kabari."

"Don Allah, uwar 'ya'yana."

"Wanda bai ji bari ba dai."

Amma Litinin da safe, da yara suka tafi makaranta, ta shimfiɗa shi a tsakar falo, ta buɗe hoton pe'ar wanta a waya, ta ɗauko baƙin alƙalami mai kauri. Awa uku tana ja. Kuma a faɗi gaskiya, ta yi aiki: layuka sun miƙe, baƙin cinya ya cika, haɗin da ta yi da ta ainihin sai ka sa ido. Abin haushi, ko wannan ɗin sai da ya riƙa zillo yana cewa tana yi masa cakulkuli. Ya tsaya gaban madubi, ya ga mutumin da ya kamata a ce shi ne.

"Ba zai goge ba ko?"

"Alƙalamin da na samu a gidan ke nan," in ji Sieni, tana mayar da shi cikin gwangwanin kayan zanen 'yarsu ta aji ɗaya.

Da azahar aka rufe ƙofar fili. An gasa nama, an sha abin da aka sha, wayoyi na cikin bokiti. 'Yan wasa suka jeru layi biyu. Pesamino ya fito da tawul a ƙugu, ya ja numfashi, ya yar. Turawa suka sa ihu da fito. Samarin Samoa kuwa suka yi tsit don girmamawa, ɗaya har ya dafe ƙirji. Tala ya ce, "Ban gaya muku ba? Ban gaya muku ba?" Gogan ya ji daɗi, har ya rage sauri don a gani da kyau.

Ya wuce kusurwa ta farko lafiya. Ya wuce ta biyu, gumi ya fara tsattsafowa, amma da sauƙi. Abin da bai sani ba, Tala ya riga ya je wurin mai kula da ciyawa ya karɓo makullin famfunan ban-ruwa, don a ganinsa jarfa ta fi sheƙi in ta jiƙe. Yana shiga dogon gefen nan na ƙarshe, famfo goma sha shida suka tashi lokaci guda.

Da farko zanen gwiwa ne ya fara narkewa. Sai cinya ta biyo. Baƙin ruwa ya gangaro ta ƙwauri ya shige takalmi, kowane taku ya bar shaida a ciyawa. Kafin ya iso inda ya faro, aikin Sieni na awa uku ya koma kamar an wanke tukunya, ga baya da ƙugu baƙi ƙirin, ga cinyoyi fes yadda uwarsa ta haife shi. Rana dubu ta ɓarawo.

Turawa suka faɗi ƙasa don dariya. Kerslake na riƙe da ciki yana cewa, "Ya yi mana fenti! Dattijon coci ya yi mana fenti!" Su a ganinsu wasa ne ya shirya musu, mafi kyau a tarihin ƙungiya. Amma can suka lura mutum biyar ba sa dariya, sai dariyar ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya rage ƙarar famfo kawai.

Pesamino ya tsaya, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Bai rufe komai ba, don ba abin da ya rage a rufe. Ya dubi ƙasa.

Tala ne ya fara motsi. Ya kwance zanen da ke ɗaure a ƙugunsa a kan gajeren wando, ya zo ya ɗaura wa Pesamino, ya ƙulle da kyau.

"Kwana nawa ka yi, Yaya?" ya tambaya a hankali.

"Huɗu."

"Na biyar fa?"

"Jirgi ya yi ƙaho."

Tala ya gyaɗa kai. Kowa na jira ya ji abin da bakin nan zai yanko, don bai taɓa barin dama irin wannan ta wuce ba. Ya share hanci da bayan hannu.

"Sau uku babana yana sa mini rana da mai jarfa," in ji shi. "Ka tuna ciwon kafaɗar da na yi bara waccan, bayan kaka? Da na idon sawu? Da wanda na ce likita ya hana ni shiga jirgin sama? Lafiyata ƙalau. Ko tabarmar ban taɓa gani ba. Na ce in na ga taka da idona, wataƙila in samu zuciya." Ya dubi baƙin ruwan da ya taru a takalmin Pesamino. "Ashe kwana huɗu ka fi ni."

Wani daga cikin samarin ya yi tari, wani ya dubi sama. Daga baya aka gane ba Tala kaɗai ke da irin wannan ciwon kafaɗar ba.

"Ba a kwanciya mutum ɗaya," in ji Tala. "Sai da abokin shan wuya, haka al'ada ta ce. Ni ba ni da shi. Kai ma naka ya gama ya bar ka tuntuni."

"In na sake gudu fa?"

"Kai? Na ga gudunka ranar Asabar, Yaya. Ko layi ba ka kaiwa."

Pesamino ya kai masa duka a ƙeya, ya kauce, aka fashe da dariya, wannan karon har da su biyar ɗin. Koci Dunleavy, wanda bai fahimci ko rabin abin da ya faru ba, ya ce a kashe masa famfo kafin a mayar masa da fili fadama.

A watan Oktoba suka sauka a Savai'i, shi da Tala da Sieni, Sieni na riƙe da fasfo biyu a jakarta, ta ce ba mai ganinsu sai an gama. Baƙin wando shida kuwa ta yanka su ta yi tsumman goge mota. Tsohuwar Pesamino ta tare shi a bakin hanya, ta ƙanƙance, ta yi furfura. Ba ta ce masa komai a kan shekara goma sha biyu ba. Ta shafa fuskarsa, ta ce ya yi ƙiba, ta ce tabarma na nan inda ya bar ta.

Mai jarfar ya tsufa, ɗansa ne ke riƙe da sanda yanzu, amma tsohon ya zo ya zauna, ya duba bayan Pesamino ya ce, "Aikina ne. Ina ka tsaya shan ruwa haka?"

Tala tun ranar farko yake kuka, ba ɓoyewa, yana kiran sunan uwarsa da na Koci Dunleavy. Pesamino ya cije tsumma, ya riƙe hannun yaron, suna karɓa-karɓa, wannan ya kwanta wannan ya huta. Zafin na nan yadda ya san shi, bai ragu da ko ƙwayar gero ba.

Da safiyar kwana na biyar, an ja fatar cinyarsa, an ɗora haƙoran ƙarfe, sai ƙahon jirgin ruwa ya taso daga bakin gaɓa, dogo, sau biyu. Mata suka yi shiru da waƙa. Pesamino ya ɗaga kai.

Tala, kwance a gefe da kumburarrun idanu, ya ce, "Yaya, ga jirginka nan."

Pesamino ya saurara har ƙahon ya mutu. Ya dubi tsohuwarsa a bakin rumfa, ta ƙura masa ido, hannunta a kan baki.

"Bar shi ya tafi," in ji shi, ya mayar da kansa kan tabarma.